Ruwan da jarumar ta kira, daga rijiyar wa ya fito?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta maƙalar da ta fito a shafinku na adabi, wadda mai ita ya yi kira ga iyaye su raba 'ya'yansu mata da littattafan almara na masu asiri, irin waɗanda jarumarsu yarinya ce mai wata baiwa da ta gagari hankali. A faɗarsa tsafi ake cusa wa yara. Ni malama ce a sakandaren 'yan mata, Fiziks nake koyarwa, kuma ina cikin manyan da ke karanta waɗannan littattafai a fili, ba a ƙarƙashin matashin kai ba. Ni ma ina da ƙorafi a kansu, sai dai nawa da na malam ba hanyarsu ɗaya ba. Ina roƙon a ɗan ba ni fili.

Batun tsafi ba zan daɗe a kansa ba. Hukuncin sihiri a addini sananne ne, ba mai musu. Amma ƙagaggen labari ba allon koyo ba ne, ba a buɗe shi a tarar da abin haɗawa da abin binnewa. Kuma ba yau aka fara ba. Gasar rubutun da Baturen nan jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, aka buga su a 1934, dukansu da aljanu da abubuwan al'ajabi a ciki. Shekara da shekaru ana karantar da su a aji, ba ɗalibin da ya rufe Ganɗoki ya tafi ya kafa bukkar bokanci. Abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da ƙarfin. Da namiji ne da takobi a hannu, yanzu yarinya ce 'yar shekara 14. Ina zaton da yaro aka zana a bangon littattafan, da waccan maƙala ba ta zo ba.

Tsoron mace mai ƙarfin ɓoye tsoho ne, kuma ya ci rayuka. A Turai, tsakanin wajen 1450 da 1750, masana tarihi sun ƙiyasta an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 bisa zargin maita, wajen kashi uku cikin huɗu mata ne. A garin Salem da ke Amurka ta yau, a shari'ar 1692, an rataye mutum 19, mata 14 a cikinsu. Adabi ma ya bi sahu. Namiji mai asiri sai a zana shi dattijo mai farin gemu da sanda, sarakuna na neman shawararsa. Mace mai asiri sai a ajiye ta a bakin daji da zaƙo-zaƙon farata tana dakon 'ya'yan mutane. Ko marubuciyar nan ta Amurka, Ursula Le Guin, da ta gina makarantar masu asiri a littafinta na 1968, maza zalla ta zuba a ciki, a 1990 kuma ta dawo da wani littafin ta kalli duniyar da idon mata. Saboda haka da na ga Nnedi Okorafor a 2011 da Tomi Adeyemi a 2018, dukansu 'yan asalin Nijeriya haifaffun Amurka, sun ɗora labari kacokan a kan yarinya mai baiwa kuma duniya ta karɓa, daɗi na ji. Masu rubutu da Hausa ma sun ɗauka, na ƙara jin daɗi. Ba ni cikin masu son a mayar da yarinyar bakin daji.

Littafin da ya sa ni ɗaukar biro kashi uku ne, na ɗaya da na biyu da na uku. Ba zan faɗi sunansa ko na marubuciyar ba. Matashiya ce, wannan ne aikinta na farko da ya fito, kuma biyun farkon sun isa a jinjina mata, ba na so maganata ta zama sandar dukanta. Wanda ya karanta zai gane. Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri, dole in tona ƙarshen labarin kafin maganar ta fito.

Ƙasar labarin ƙagaggiya ce, fari ya yi mata katutu. Jarumar 'yar mai haƙar rijiya ce. Wata rana uban yana can ƙasan rami, ya haƙa har ya gaji bai tarar da danshi ba, ita kuma tana sama tana jan ƙasa da guga. Ta dafa tafin hannunta a ƙasa don ta huta, sai ta ji wani motsi a can ciki. Ta yi shiru tana saurare, ruwa ya ɓulɓulo da ƙarfi har uban ya shiga ihu a jawo shi. Gari ya ɗauka, aka yi ta guɗa, aka ɗora ta a kafaɗa. Ba a jima ba sai ga wata tsohuwa daga cikin masu baiwa, waɗanda a labarin kowa da abin da yake iya kira, wani iska, wani wuta, wani ruwa. Mai karatun da ya saba da irin waɗannan littattafai zai sa ran a fara koya wa yarinyar yadda za ta ninka ƙarfinta. Tsohuwa ta miƙa mata sanda da wani littafi da ba rubutu ko ɗaya a ciki, ta ce ta je ta nemo inda ruwan ya fito, kada ta dawo sai ta rubuta sunan wurin.

Yarinya ta yi ta tafiya kwana da kwanaki, tana bin yadda ƙasa ta karkata, har ta iso wani ɗan ƙauye da la'asar sakaliya. Ta tarar da wani tsoho a bakin rijiya. Ya zura guga, igiya ta ƙare ba ta taɓa ruwa ba. Ya kwance ɗamarar ƙugunsa ya ƙulla, ba ta kai ba. Ya warware rawaninsa ya ƙara, ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar ya miƙa hannu iya tsawonsa. Da ya jawo, abin da ke cikin gugan bai cika tafi biyu ba, rabi kuma laka ne. Ya ce mata tun zamanin kakansa rijiyar nan ba ta taɓa ƙafewa ba, sai rana kaza da hantsi ta ja baya kamar an tsotse ta. Ranar ce aka yi mata guɗa a garinsu, lokacin ma shi ne. Tsoho bai san ko ita wace ce ba. Baƙuwa ya gani da ƙura a ƙafa da leɓe a bushe, sai ya tace ruwan da gefen rawanin ya miƙa mata ya ce, sha 'yar nan. Marubuciyar ba ta ce yarinyar ta yi kuka ba, ba ta ce ta yi nadama ba. Cewa ta yi ta sha, don ba yadda za ta ƙi, sannan ta koma gindin wata bishiya ta buɗe shafin farko ta rubuta sunan ƙauyen. Da na zo nan sai da na ajiye littafin na miƙe na ɗan zagaya ɗaki.

Dole abin ya kama ni. Darasin da na fi nanatawa a aji shi ne makamashi ba a samar da shi daga babu, ba a kuma halaka shi, kama kawai yake sauyawa. Tun shekarun 1840 su Joule a Ingila da Mayer da Helmholtz a Jamus suka kafa wannan doka. Ruwa ma haka yake, wanda ya cika nan wani wuri ya baro. Duk wanda maƙwabcinsa ya haƙa burtsatse mai zurfi ya sa mata injin mai ƙarfi, ya wayi gari rijiyarsa ta ja baya, ya san abin da tsohon nan ya gani. In kuma babban misali ake so, ga Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan. A da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 68,000. Daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Auduga ta yi albarka, aka yi ta murna a inda aka noma ta. Zuwa 2007 tafkin ya koma kashi 10 cikin 100 na girmansa. A garin Muynak, da yake tashar masunta, jiragen kamun kifi na nan a kan yashi sun yi tsatsa, bakin ruwa ya yi musu nisan fiye da kilomita 100. Nakan nuna wa ɗalibaina hoton jiragen nan, su kalla su ce Allah sarki, a wuce. Babin tsohon nan mai rawani ya shigar musu da abin fiye da yadda hoton ya taɓa yi.

A kan wannan doka aka gina littafi na biyu gaba ɗaya. Kowane mai baiwa yana yawo da littafin bashinsa. Mai kiran wuta ya san wani murhu ya mutu a wani gida. Mai kiran iska ya san wani jirgi ya tsaya cik a tsakiyar teku da mutane a ciki. Mugun labarin ba ƙaho gare shi ba, ba jan ido. Mutum ne mai fara'a da kyauta, wanda ya ƙona littafinsa tun yana saurayi, ya ce shi ba ya biyan bashin da mai shi bai san da shi ba. Tushen ra'ayin ba sabo ba ne, don a littafin Le Guin na 1968 an gargaɗi ɗalibi cewa ruwan saman da ya kira a wani tsibiri yana iya zama fari a wani. Amma tafiyar ƙafa da littafin bashi na marubuciyarmu ne, kuma su ne gishirin labarin. Jarumar ta haddace rijiyoyin ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Ta koyi gane ƙasa daga launinta da ɗanɗanonta. Ta gano cewa in ta ɗebi kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa ba wanda zai ƙafe, amma hakan na cin lokaci da lissafi, kuma mai ƙishirwa ba ya son jira. Har akwai inda gonar mahaifiyarta ke bushewa, uwar ta dube ta ba ta ce komai ba, ita kuma ta ƙi kira, don ta san a wannan watan daga ina za a ɗebo. Garin da ya yi mata guɗa ya koma zaginta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sai na uku. Mugun ya yi wa babban birni ƙawanya, tsohuwar malamarta ta rasu, sauran masu baiwa sun watse, jarumar ta rage ita kaɗai a kan ganuwa. Idan ta kira ruwan da zai kori rundunar, rabin ƙasar zai bushe. Idan ba ta kira ba, birnin ya tafi. Na gyara zama, don nan ne duk abin da ta koya zai yi rana. Kawai sai rigarta ta yage a kafaɗa, wani tsohon bafade ya hango wani tabo, ya zube ƙasa yana rantsuwa. Ashe ba 'yar mai haƙar rijiya ba ce, tsintar ta ya yi. Jikar sarauniyar ruwa ta farko ce, kuma masu wannan jinin dokar ba ta hawa kansu, su daga babu suke kira. Ta ɗaga hannu, ambaliya ta share runduna, rijiyoyin ƙasar suka cika har suna tumbatsa, ba wanda ya rasa ko cokali. A shafin ƙarshe ta jefa littafin bashinta a kogi, jama'a na tafi. Uban da ya raine ta, wanda ya koya mata jan guga, ba a sake ambatonsa ba sai a layi ɗaya, yana cikin masu durƙusawa.

Wannan dabara ta tsufa. A shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, an nuna wani wasan kwaikwayo na marubuci Yuribidis a birnin Atina na ƙasar Girka, a kan Mediya, mace mai asiri da ta kashe 'ya'yanta don ta ƙuntata wa mijin da ya ci amanarta. Da aka zo inda ba ta da mafita, sai ga ta a sama cikin karusar rana, wadda a tatsuniyar Girkawa ta kakanta ce, ta tsere. Gidajen wasan nasu suna da wata na'ura mai igiya da ke ɗaga ɗan wasa sama domin irin wannan. Bayan kusan ƙarni ɗaya masanin Girka Aristotil ya kawo wasan a littafinsa na sharhin adabi, ya ce warwarar ƙulli daga cikin labarin ya kamata ta fito, ba daga na'ura ba. Mace mai asiri, an rutsa ta, jinin kakanta ya fid da ita. Fiye da shekara 2,000 ke nan ana kuka da wannan, har yau ana yi.

Da a ce illar ta tsaya ga fasahar rubutu, da na yi gunagunina a ɗaki na yi shiru. Abin da ya tayar da ni shi ne abin da na ji a aji. Littafin ya zagaya hannun ɗalibaina, wata ta gama ta miƙa wa wata. Wata rana a lokacin tara na tarar da su sun yi da'ira suna musu, har ba su ji shigowata ba. Mafi yawansu ƙarshen ya burge su, suna kwaikwayon yadda ta ɗaga hannu. Akwai wata yarinya mai zama a layin baya, ba ta cika magana ba, amma duk lissafin da na ba su sai ta cika gefen takarda da gwaji kafin ta rubuta amsa. Ita ce ta juyo ta ce, "Malama, to ashe duk haddar rijiyoyin nan da ta yi a banza ne? Tunda ba ta buƙata." Kafin in buɗe baki wata ta karɓe, "Ai abin gado ne, ba a koyonsa. Ke da kina da jinin da ba sai kin wahala ba." Aka yi dariya. Ta bayan nan ba ta yi ba.

Ranka ya daɗe, wannan maganar ita nake yaƙa da ita kullum a gaban allo. "Malama, ni ba kan lissafi gare ni ba." "Malama, gidanmu ba mai iya shi." Yaran nan suna shekarun da mutum ke gano abin da zai iya, kuma dalilin da ya sa suke son littattafan nan ke nan, don baiwar jarumar tasu ce suke gani, wadda ta taso musu ba su san yadda za su yi da ita ba. Littafi biyu sun gaya musu cewa baiwa somin-taɓi ce, sauran aiki ne da awo da sanin wanda hannunka ya taɓa. Na uku ya zo ya ce a'a, a duba kafaɗa. Wadda ba ta da tabo ta koma ta durƙusa tare da mai haƙar rijiya.

Tatsuniyar da muka taso da ita ma ba ta yi wa yara haka ba. 'Yar bora da 'yar mowa ubansu ɗaya, hanya ɗaya suka bi, abubuwan mamaki iri ɗaya suka tarar. Abin da ya raba su shi ne yadda kowace ta amsa da aka yi mata magana, da abin da ta zaɓa da aka ce ta zaɓa. Ba a taɓa cewa 'yar bora ta dawo da arziki don an gano asalinta 'yar wani sarki ce ba. Da an faɗi haka, da tatsuniyar ta mutu tun a bakin mai ba da ita, don ba abin da yaro zai ɗauka ya tafi da shi.

Na yi wannan maganar da wata abokiyar aikina mai koyar da adabi, ta ce na cika tsanani. Ta ce jarumai maza sun daɗe suna kashe dubu da sara ɗaya ba a tambaye su lissafi ba, sai da aka zo kan yarinya za a fito da sikeli? A bar 'yan mata su ma su ci nasara kyauta ko sau ɗaya. Maganarta da ƙamshin gaskiya, kuma ina jin ita ce ta ja hannun marubuciyar. Ta ƙaunaci jarumarta, ta wahalar da ita littafi biyu, ta ga lokaci ya yi da za ta share mata hawaye. Ga kuma matsin da duk mai rubuta labari kashi-kashi ke shiga: kowane kashi sai abokin gaba ya fi na baya girma, har a kai inda ba mafita sai a ƙara wa jarumi ƙarfi. Amma sikelin ba ni na kawo shi ba. Akwai labaran da tun daga shafin farko ba doka a cikinsu, komai na iya faruwa, ana karanta su don nishaɗi, ba na neman su da komai. Wannan marubuciyar ita ta kafa doka, ta sa muka yarda da ita, ta sa muka ji zafin uwar da gonarta ta bushe saboda dokar. In ashe dokar ba ta hawa kan jarumar tun asali, to rijiyar tsohon nan wa ya ƙafar da ita? Littafi na uku ya wuce wannan tambaya kamar ba a taɓa rubuta na ɗaya ba. Kuma nasarar kyautar da ƙawata ke nema wa 'yan mata, ƙwace aka yi. An karɓe wa yarinyar abin da ta samu da ƙafarta da kanta, aka miƙa wa wata kaka da ba mu taɓa gani ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mafitar tana kwance a cikin labarin. Mugun nan ya ƙona littafinsa, saboda haka bai san daga ina ƙarfinsa ke zuwa ba. Ita ta sani, don ta taka ƙasar da ƙafa. Rundunar da ta yi ƙawanya ita ma ruwa take sha, dawakinta ma haka, kuma jarumar ta san kowace rijiya da suka dogara da ita. Ba sai ta kira ambaliya ba. Ko kuma ta buɗe littafin bashinta ta aika wa ƙauyukan da ke ciki, ta faɗa musu gaskiya karon farko: ni ce na ƙafar muku da rijiya shekarar nan, yanzu kuma na zo roƙo, ga abin da za ku rasa, ga tsawon lokacin da za ku yi babu, kun yarda ko ba ku yarda ba? Wasu su yarda, wasu su kore ta da jifa, abin da aka samu ya isa da ƙyar ko ya gaza da kaɗan. A nan za a ga bambancinta da mugun, shi yana ɗauka a ɓoye, ita tana tambaya. Ko tabon ma ana iya barinsa, in dai marubuciyar na sonsa. Sai ya zama jinin sarauniya bai ɗauke mata biya ba, ya dai sa a kanta ake cirewa maimakon a kan wasu. Kowanne daga cikin waɗannan zai fi wuyar rubutawa. Wadda ta rubuta babin rawanin nan za ta iya.

Ga malam mai maƙala kuwa, ina ganin da ya buɗe littattafan da ya tarar abin da yake tsoro ba ya ciki, abin da ya kamata ya dame shi kuma bai ambata ba. Uban da ya ƙwace littafin daga hannun 'yarsa ya hana ta babin rijiyar, ita kuma za ta aro na ukun a wurin ƙawa ta karanta a ɓoye. Gara ya zauna ya ce ta ba shi labarin, in ta zo inda jarumar ta nuna bajinta ya tambaye ta wa aka cire wa.

Roƙona gare ku, Edita, ku ware wa irin waɗannan littattafai fili na sharhi a kai a kai, kamar yadda ake yi wa waƙa da labaran soyayya. Marubutan matasa ne, yawancinsu ba su da mai duba musu rubutu kafin ya fita, abin da suke ji daga masu karatu kuma bai wuce a ƙara yaƙi a kuma aurar da jarumar ba. Sharaɗi ɗaya kawai za ku gindaya wa mai sharhi, yabo zai yi ko suka, ya karanta har shafin ƙarshe. In malam yana so, guda ukun suna wurina, sai in aiko masa ta hannunku. Bangon na biyun ya yage saboda hannun ɗalibai, amma shafukan sun cika.

Na gode. Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
Malamar Fiziks a sakandaren 'yan mata